Masu gyaran agogo, a kula da mai tallan "kayan Baturen kuza"

Assalamu alaikum 'yan'uwa masu gyaran agogo na Jos da kewaye. Akwai wani mutum da ke yawo a zaurukan WhatsApp yana tallar tsofaffin kayan aikinmu. Ni ya ci ni naira 90,000, kuma ba na so ya ci wani.

Labarin da yake bayarwa mai shiga rai ne. Wai kakansa kuku ne a gidan wani Baturen haƙar kuza a Bukur, da Baturen zai koma Ingila ya bar masa akwati. Duk ɗan Jos ya san Turawan nan sun zauna, sun kuma bar kaya, shi ya sa ban yi shakka ba. Hoton da ya turo kuwa sai da gabana ya faɗi: akwatin katako mai ƙusoshin nan jere a ramukansu, waɗanda ake cire sandar balans (sandar da 'yar ƙafar da ke kai-komo a cikin agogo take juyawa a kanta) da su a dasa sabuwa, da sunan Boley a murfi. Boley kamfanin Jamus ne na garin Esslingen, a 1870 aka kafa shi, kuma marigayi mahaifina ya yi aiki da irinsa har gobarar kasuwar Taminus ta 2002 ta cinye akwatin tare da rumfarmu. Tun lokacin nake nema.

Ya ce 180,000. Na ce mu haɗu, ya ce yana Abuja jinyar mahaifiyarsa, in tura rabi ya ba direba a tasha. "Haba Malam, ni da kai 'yan gida ne." Na tura.

Kaya sun iso, kuma nan ne dabararsa take, don ba ya gudu da kuɗi haka kawai, sai ya aiko da abin da zai sa ka biya sauran. Akwatin tsoho ne da gaske, har warin tsohon mai yake yi. Ƙusoshin ne na bogi, sababbi ne aka sa su suka yi tsatsa. Na gaske ƙarfe ne mai tauri, in ka goga masa magagari zamewa yake yi. Wannan goga ɗaya ya ci. Na gaske yana shiga ramin jikin injin da ake dasa sandar da shi daram, ba ya girgiza. Wannan rawa yake yi a ciki kamar haƙorin tsoho. Ku tuna kan sandar balans kaurinsa kusan kashi ɗaya cikin goma na milimita ne. Ƙusa mai rawa ta sauka a kai, an gama. Hantsakin da ya haɗo "kyauta" ma maganaɗisu ne a jikinsa, ya taɓa siririyar wayar balans sai zagayenta su manne, agogo ya riƙa gudu. Allah ya taimake ni a mataccen agogo na gwada, ba na mai shi ba.

Da na kira na ce ga abin da na gani, ya ce a dawo da kaya tukuna. Washegari lambar ta daina shiga. Yarona ya binciki hoton farko a intanet, ashe na wani shagon gwanjo ne a Turai.

Na kai ƙara wurin 'yan sanda da bankina. Wani abokin sana'a a Wuse ta Abuja ya ce an turo masa hoton nan da wata lambar, wannan karon wai kakansa direban Baturen ne, kuma jinyar a Jos ake yi. Duk wanda ya samu saƙon, ya ce sai hannu da hannu, ya tafi da magagarinsa a aljihu.