Amosani ne ko bushewar fatar kai?

'Yar'uwa, kin ce kullum sai kin shafa mai a kai amma abin da ke zubo miki a kafaɗa sai ƙaruwa yake, kina tambaya ko ki ƙara man ko ki koma shamfu na magani. Kafin ki sayi komai, shimfiɗa baƙin ƙyalle ki sosa kanki a kai, ki duba abin da ya zubo. Matsala biyu ce ake yi wa kuɗin goro.

Idan ƙanana ne, farare, busassu kamar gari, kuma fatar kan tana ɗaure miki bayan wanka, galibi bushewa ce. Sau da yawa ƙauri da hannuwa ma sun yi furu-furu. Wannan mai sauƙi ce: rage zafin ruwa, bar sabulu mai ƙarfi, shafa mai kaɗan.

Amosani kuwa ɓarɓashinsa ya fi girma, da maiƙo, rawaya-rawaya, yana manne a gindin gashi har ya cika farce in an sosa. Yakan leƙa gira da gefen hanci da bayan kunne. Tushensa wata ƙwayar halitta ce dangin yis, Malassezia, wadda ke zaune a kan kowa, abincinta kuma maiƙo. Fatar da ya kamata ta sabunta a cikin kusan wata guda, in ƙwayar ta dame ta sai ta riƙa saɓulewa cikin 'yan kwanaki. To kin ga mai lafta man zaitun a irin wannan kai tukunya take ɗora wa ƙwayar. Yadda kika bayyana naki, na fi zargin wannan.

Nan shamfu mai sinadarin ketoconazole kashi 2 cikin 100 yake aiki: sau 2 a mako, tsawon mako 2 zuwa 4. Masu selenium sulfide ko zinc pyrithione ma suna yi. Inda ake kuskure shi ne gaggawar ɗauraye shi. Ki cuɗa shi a fatar, ba a gashin ba, ki bar shi minti 3 zuwa 5. Bayan ya lafa ki ci gaba sau ɗaya a mako ko mako biyu, don amosani ɗan kome ne. Shamfun yana busar da gashi, saboda haka man ya tsaya a jelar gashin.

Amma in kika ga gashi ya kakkarye ya bar fili zagayayye, musamman a kan yaro, wannan maƙero ne. Shamfu kaɗai ba ya kashe shi, sai likita ya rubuta na sha, kuma a ware masa matajinsa.