Purple Rain ko Born in the U.S.A.: wane kundi ne ya ci 1984?

A watan Yunin 1984 manyan kundin waƙoƙi biyu suka fito a Amurka, sati uku kacal tsakaninsu. Na Bruce Springsteen, Born in the U.S.A., shi ya fara hawa saman jadawalin mujallar Billboard na kundayen da suka fi kasuwa, ya yi sati 4 a can. Sai Purple Rain na Prince ya ture shi a watan Agusta, ya zauna daram sati 24 a jere har cikin Janairun 1985.

Prince ya haɗa kundinsa da fim mai suna iri ɗaya, kuma kiɗan fim ɗin ya ci kyautar Oscar. Amma abin da ya fi burge ni shi ne ƙarfin halinsa. Waƙar When Doves Cry ba ta da kiɗan bas (jita mai kaurin sauti) ko kaɗan, abin da mawaƙan rawa ba sa kuskurawa, duk da haka ta yi sati 5 a matsayi na ɗaya.

Springsteen kuwa tafiyar kunkuru ya yi. Waƙoƙi 7 daga kundinsa suka shiga goman farko, ya koma saman jadawali a Janairun 1985, ya zama zakaran wannan shekarar. Waƙar da kundin ya ɗauki sunanta kukan tsohon sojan yaƙin Biyetnam ne da ya dawo gida babu aikin yi, amma jama'a da yawa suka ɗauke ta kirarin ƙasa. Har Shugaba Reagan ya yabi mawaƙin lokacin yaƙin neman zaɓe.

Ni dai 1984 ta Prince ce.