Katin gurafik ɗina da gyaren da ke cikinsa: wata tara ina amfani da shi

A watan Afrilu na sayi katin gurafik, wato ɓangaren kwamfuta da ke zana hoto a allo, na hannu, wurin wani ɗan kasuwa da ke ɗauko kayan kwamfuta daga Kano. Jika 130 na biya. Kati ne mai ma'ajiya giga 12, yana cin wuta wajen wat 170, kuma wasannin ƙwallo da na tseren mota da nake yi duk yana jan su ba tangarɗa. A nan ba ni da ƙorafi. Abin da ya sa na zauna rubutu shi ne kukansa.

Wata bakwai ban ji komai ba. Duk wanda ya san Afrilu da Mayu a Damagaram ya san dalili: zafi ya haura 40, fankar ɗaki tana gudu dare da rana, fankokin katin su ma suna ta huci. Ko akuya ce a cikin akwatin kwamfutar ba za ka ji ta ba. Sai da hunturu ya shigo, na kashe fanka, na rufe taga saboda ƙura, unguwarmu ta Birni ta yi tsit bayan Isha'i, sannan wata siririyar tsuwwa ta fito fili.

Ƙanwata ce ma ta fara ji. Ta leƙo ta ce, "Yaya, gyare ya shiga ɗakinka." Muka ɗaga tabarma, muka janye katifa, har bayan akwatin kaya muka haska. Da na rufe wasan sai gyaren ya yi shiru. Na sake buɗewa, ya dawo. Baba kuwa da muka kira shi ya kasa kunne ya ce shi bai ji komai ba, mu dai muna neman abin magana. Ba gardama yake ba: kunnen mutum yana rage kama siririn sauti yayin da shekaru ke ja.

Na fara zargin fankokin katin, don ƙurar garin nan ba ta barin komai. Na cire shi, na busa, na goge. Na mayar, na sa yatsa na tsayar da fankokin na ɗan lokaci kaɗan wasa yana tafiya. Tsuwwar tana nan. Sai na naɗe takarda kamar mazurari, na ɗora baki ɗaya a kunne, ina bin ɗayan bakin a jikin kayan. Ba daga akwatin wuta, mai raba wa kayan kwamfutar lantarki, take fitowa ba, daga tsakiyar katin ne, daidai wurin da wasu ƙananan abubuwa masu kusurwa huɗu, ruwan toka, suka yi layi.

Waɗannan su ne koyil, waya ce naɗaɗɗiya a cikin ɗan gida. Wutar da ke shiga katin bolt 12 ce, ƙwaƙwalwar da ke zana hoto kuwa wajen bolt 1 take so, amma da ƙarfin gaske. Koyil ɗin suna cikin masu wannan aikin saukarwa. Duk lokacin da wuta ta ratsa su, maganaɗisu yana tashi yana faɗuwa, wayar da gidanta suna ɗan karkarwa. Karkarwar ce kunne ke ji. Kowane hoto da katin ya zana, jan wutar yana hawa ya sauka, shi ya sa muryar take canzawa da yawan hotuna a daƙiƙa. Na gani da idona: a cikin tsere, hoto 90 zuwa 110, tsuwwar ƙasa-ƙasa ce. A shafin farko na wasan, inda babu abin zanawa mai nauyi, lissafin ya haura 900, kukan ya koma kamar ana goga ƙusa a kwano.

Na kai wa wani mai gyara a Sabon Gari. Ya saurara, ya yi dariya ya ce, "Malam, wannan ba ciwo ba ne, hali ne." Gaskiyarsa. Kukan koyil ba ya nuna kati zai mutu, ba ya rage masa gudu, kuma yawancin masu ƙera kati ba sa ɗaukarsa a matsayin lalacewar da za a canza maka wani, balle ni da na saya a hannu ba takarda. Ya ce in ina so ya buɗe ya ɗiga wa koyil ɗin gam. Na ce a'a. Jika 130 ba abin gwaji ba ne, kuma koyil ɗin a rufe suke, gam ɗin ba zai kai ga wayar ba.

Abin da ya yi mini aiki bai ci ko dala ba. Allona hoto 75 kawai yake iya nunawa a daƙiƙa, to me zan yi da 900? Na shiga saitin katin na ƙayyade masa 75. Nan take kukan kwanon ya ɓace, saura 'yar tsuwwa. Daga nan na sauke MSI Afterburner, manhajar saita katin gurafik, na danna Ctrl da F, jadawalin wuta ya fito, na rage daga sama da milibolt 1,050 zuwa 900 (milibolt 1,000 shi ne bolt 1). Da fari na yi haɗama na sauka har 825, wasan ya tsaya cak ana tsakiyar bugun fanareti, na dawo da hankalina. A 900 ya zauna lafiya. Ribar da ban nema ba ita ce zafin katin ya ragu, wanda zai yi mini rana in bazara ta dawo.

Na kuma ari akwatin wuta na wani abokina na kwana biyu, don wani lokaci haɗuwar kati da akwatin wuta ce ke ƙara kukan. A wurina muryar ta ɗan sauya, ba ta ragu ba. Na mayar masa da kayansa, kuɗina suka huta.

Zan sake sayen katin? A wannan farashi, e. Amma da na san haka, da a shagon na sa an kashe fanka da rediyo, an buɗe wasa ba ƙayyadewa, na kai kunne kusa kafin in ƙirga kuɗi, tunda kati biyu iri ɗaya, ɗaya yana iya kuka ɗaya ya yi shiru. Mai sa abin kunne in yana wasa ba ruwansa. Wanda yake ɗaukar murya ko karatu a ɗaki ɗaya da kwamfuta, ya yi tunani.

Yanzu akwatin yana ƙarƙashin tebur, gefen da ke da ramukan iska yana kallon bango da tazarar taki ɗaya. Da rana ba na jin komai. Ƙarfe 1 na dare, in gari ya yi shiru, gyaren yana nan, ƙasa-ƙasa. Ƙanwata in ta wuce ƙofa takan ce, "Yaya, ka ba shi ruwa mana."