Gadon amarya: noti ko sukuru?

Idan gidan haya za a kai ta, ki tambayi kafinta da me ya haɗa gadon. Sukuru ya fi arha, aikinsa da sauri, amma a jikin MDF, wato katakon da ake yi da garin itace a matse, da an kwance sau biyu ko uku ramin ya ɓurme, katakon ya fara zubo gari, sai ki ji gado na ƙara cikin dare. Noti kuwa yana huda katakon ya fito ta baya, a sa washa a ɗaure da sifana mai lamba 13, a kwance a maida sau nawa ma yana nan daram. Kan notin yana fitowa fili, gaskiya ne, amma ni wallahi shi zan zaɓa wa ƙanwata.