Jitar lantarki mai rami a ciki: daɗin sautinta da wahalar riƙonta

Jitar da ke hannuna kwaikwayo ce ta Gibson ES-330, wadda ta fito a 1959, da 'yar'uwarta Epiphone Casino da ta biyo baya a 1961. Ba ɗaya daga cikin kamfanonin nan biyu ne ya ƙera ta ba. Aikin wani ƙaramin kamfani ne a Asiya, irin masu ɗauko tsohuwar ƙira su sabunta ta a kan kuɗin da mai ƙaramin ƙarfi zai iya taɓawa. Ta ga hunturu ta ga damina a wurina a Kano, na kaɗa ta a ɗaki da sutudiyo, na kuma fita da ita wurin biki, don haka ina ganin na isa in faɗi albarkacin bakina a kanta.

Abin da ya raba ta da jitar lantarki da aka saba gani shi ne cikinta wayam yake. Faɗin jikinta inci 16, kaurinta bai cika inci 2 ba, a fuskarta akwai tsaga biyu masu siffar harafin f. Mutane kan ɗauke ta a matsayin ES-335 ta 1958, domin daga nesa kamarsu ɗaya. Sai dai ita 335 akwai gungumen katako da ya ratsa tsakiyarta daga wuya har ƙasa, wannan kuwa babu. Yawancin alherin da zan faɗa a kanta, da wani kaso na ƙorafin da zan yi, daga rashin gungumen nan suka samo asali.

Rashin nauyi ne farkon abin da kafaɗa ke shaidawa. Ba ta wuce kilo 3 da ɗan wani abu ko ƙasa da haka ba, alhali jita irin Les Paul takan haura kilo 4. Wanda ya taɓa tsayuwa da jita a rataye tun bayan isha'i har dare ya raba ya san kilo ɗaya ba abin wasa ba ne. Sannan ko ba a jona ta da amfilifaya ba tana da murya, ba mai cika gida ba, amma ta ishi mutum atisaye cikin dare. Ranar da aka ɗauke wuta ba na rasa abin kaɗawa. Wanda ya saba da gurmi ko garaya zai gane abin nan take: tsirkiya ce ke motsi, amma ƙwarya ce ke ba ta jiki. Idan na kaɗa tsirkiya mai kauri har a ƙirjina nake jin katakon na rawa.

Idan aka jona ta kuma, a nan ne kuɗina ya fita. Na'urorin ɗaukar sautinta guda biyu irin P-90 ne, ƙirar da Gibson ta fito da ita a 1946: naɗin waya guda ɗaya mai faɗi, da maganaɗisu a ƙarƙashinsa. Sautinsu ya fi na jitar Stratocaster ta kamfanin Fender kauri, amma bai toshe kamar na wasu masu naɗi biyu ba. Na kusa da wuya yana ba da murya mai taushi da ɗan dishi-dishi, wadda ke sauka da nauyinta sannan ta janye da wuri. Wannan janyewar ita ce sirrin. Jita mai jikin katako zalla takan riƙe sauti ya daɗe yana ja. Wannan kuwa jikinta na shanye wani kaso na motsin tsirkiya, sai kowane bugu ya fito daban, wani bai hau kan wani ba. Ga mai kiɗan jaz, ko buluz, ko hailaif inda yatsu ke tsinke tsirkiya ɗaya-ɗaya, wannan ni'ima ce. Ba banza ba makaɗin jaz Grant Green ya riƙe ES-330 a farkon shekarun 1960. Abin da ya fi burge ni shi ne yadda take biyayya ga hannu: in ka shafa a hankali ta yi maka raɗa, in ka danna ta ɗan yi kaushi, ba tare da ka taɓa komai a jikin amfilifaya ba. A sutudiyo ba mu sha wahalar zaunar da ita cikin sauran kayan kiɗa ba, har ma muka kafa makirfo ɗaya a gaban jikinta domin ɗauko ƙarar katakon, muka gauraya da na amfilifaya.

To, sai wurin biki. Da aka ɗaga lasifikoki yadda ake ɗagawa a fili, ga ganguna ga fiyano, sai jitar ta fara wani irin kuka mai zurfi da ba ni na sa ta ba. Yadda abin yake: iskar da lasifika ke turowa tana girgiza fuskar jitar, fuskar ta girgiza tsirkiyoyi, na'urar ɗaukar sauti ta mayar wa amfilifaya, ita kuma ta ƙara ta sake turowa, haka za a yi ta zagaye har kunne ya gaji. Wannan ba aibin tawa ba ne ita kaɗai, halin ƙirar ne tun fil'azal. Tun zamanin Gibson ES-150 ta 1936, wadda makaɗin jaz Charlie Christian ya yi suna da ita, makaɗa ke fama da shi da zarar sun nemi ƙarin ƙara. Shi ya sa makaɗi Les Paul, wanda aka sa wa waccan jitar sunansa, ya ɗauko gungumen katako ya ɗaura masa wuya da tsirkiya wajen 1940, shi ya sa kuma Fender ta fito da jita mai jikin katako zalla a 1950. Makaɗin buluz B.B. King ma tsumma yake cusawa cikin tsagar jitarsa, daga baya da Gibson ta ƙera masa tasa a 1980 sai aka yi ta babu tsagar gaba ɗaya.

Ana iya lallaɓa ta. Kada ka tsaya a gaban amfilifaya, koma gefe. Rage sauti mai kauri a jikin amfilifayar, domin ta nan kukan ke farawa. Tafin hannun dama ya zauna kan tsirkiyoyin da ba a kaɗawa, in an tsaya tsakanin waƙa da waƙa kuma a murɗe ƙarar jitar zuwa sifiri. Na gwada cusa soso ta tsagar, ya rage kukan sosai, amma ya tafi da rabin abin da ya sa na saye ta, sai na zare shi. Wasu za su ce ai 'yan Beatles sun kaɗa Casino a gaban dubban mutane, tunda Paul McCartney ya sayi tasa a 1964, John Lennon da George Harrison suka bi sahu. Gaskiya ne. Amma wanda zai murɗa ƙarar nan mai kaushi ta zamani, ko mai son salon jitar Buzayen Agadas inda ake jan sauti ɗaya ya daɗe yana kuka bisa son mai kaɗawa, zai fi samun kwanciyar hankali da jita marar rami.

Akwai kuma ƙugi, wanda shi ba ruwansa da rami, na P-90 ne. Naɗi guda ɗaya yana tsintar duk wani motsin lantarki da ke kewaye. Wutarmu a Najeriya da Nijar tana juyawa sau 50 a daƙiƙa, kuma wannan ƙugin kake ji a lasifika ko ba ka taɓa tsirkiya ba. Domin kashe shi ne Seth Lover ya ƙirƙiro mai naɗi biyu, wanda ya fara hawa jitocin Gibson a 1957. A gidan da ba a binne wayar ƙasa yadda ya kamata ba, ko an koma kan janareta, ko akwai cajar waya mai arha a soket ɗaya da amfilifaya, abin yakan ƙaru har ya ba da haushi. A tawa, idan na sa makunni a tsakiya na'urorin biyu suka yi aiki tare, ƙugin na raguwa ƙwarai, domin an naɗa su ne ɗaya na saɓa wa ɗaya. Ba kowace ake yi wa haka ba, don haka a gwada kafin a biya.

Hunturu ya gwada ta. An fi son a ajiye jita inda danshin iska yake tsakanin kashi 45 zuwa 55 cikin ɗari, namu kuwa a Disamba da Janairu yakan faɗi ƙasa da 20. Jikin bai tsage ba, kuma dalili shi ne ba falle ɗaya ba ne, siraran fallayen katako ne aka manne da juna, irin yadda ake yi wa ES-330 ta asali. Wuyan ne ya ji jiki. Allon da yatsu ke dannawa ya tsuke, bakin ƙananan ƙarafan da ke kansa ya fito yana kartar hannu, sai da aka bi su da zarto mai laushi. Wuyan kansa ya ɗan motsa, na murɗa ƙarfen da ke cikinsa rubu'in zagaye, da damina ta sauka na mayar. Yanzu ba ta kwana a rataye a bango. Akwatinta take shiga, tare da jiƙaƙƙen soso a cikin gwangwanin roba mai huji, yadda ruwa ba zai taɓa katako ba. Ƙura ma tana shiga ta tsagar nan ta zauna, kuma fitar da ita aiki ne.

Inda aka rage kuɗi a tawa a bayyane yake. Kunnuwan ɗaure tsirkiya suna da sako-sako, na canja su. Jakin da tsirkiyoyi ke hawa kansa yana da 'yar waya mai riƙe kusoshinsa da ke karkarwa a wasu sautuka, abin da ba ka cika ji sosai a jita marar rami ba, amma a nan jikin yana ƙara shi. Fentin ya yi kauri da ƙyalli fiye da kima. Lennon ya sa an kankare fentin tasa a 1968, kuma har yau akwai masu rantsuwa cewa hakan na buɗe sauti. Ni dai ban ga dalilin ɓata tawa ba. Abin da ya fi ci mini rai shi ne ranar da notin ramin jona waya ya kwance, ramin ya faɗa ciki. Irin wannan jita ba ta da murfi a baya, duk wayoyinta ta tsagar f ake shigar da su a fitar. Wani mai gyaran rediyo ne ya zauna da siririyar waya da haƙuri ya kamo shi, yana yi yana tambayata ko wanda ya ƙera abin ya taɓa tunanin za a gyara shi. Tun daga nan nake duba notin nan duk lokacin da zan canja tsirkiya.

Wuyan yana haɗuwa da jiki a gaɓa ta 16 cikin gaɓoɓi 22 na allon dannawa, saboda haka kaiwa can ƙarshen sai da miƙa yatsu. Bai dame ni ba, domin ba can nake zama ba. Tsirkiya kuwa na bar siraran da ta zo da su na koma masu ɗan kauri, wato masu lamba 11, waɗanda suka fi motsa fuskar katakon, suka kuma rage karkarwa. Su ma ba kullum ake samunsu a shagunan kayan kiɗa na kusa ba, sai na yi saƙo daga Legas, don haka nakan sayi fiye da saiti ɗaya in ajiye.

Wanda jita ɗaya tak zai iya saya, kuma abincinsa na wurin biki ne da manyan lasifikoki, ban ba shi shawarar wannan ba. Ya nemi marar rami, ko mai gungume a tsakiya irin ƙirar 335. Wanda aikinsa ɗaki ne da sutudiyo da ƙaramin taro, yana kuma kaɗawa da sauti mai tsabta, zai ji daɗinta fiye da kuɗin da ya biya, matuƙar ya ware wani abu na gyara da akwati mai ƙarfi tun ranar saye. Kafin ya miƙa kuɗi ya leƙa ta tsagar da tocila ya tabbatar babu gungumen, ya kaɗa ta ba wuta ya saurari karkarwa, sannan ya jona ta ya ɗaga ƙara har ta fara kuka, ya ga ko wurin da ta fara ya ishe shi aikinsa.