QGIS ko ArcGIS Pro: wacce ke ajiye taswirar kowane aiki a foldarsa?

Wa alaikumus salam Malam. Kan tambayarka ta manhajar zana taswira da za ta riƙa zuba taswirorin kowane aiki a foldarsa ba su cakuɗe da na wani ba, tsakanin QGIS da ArcGIS Pro, shawarata ka ɗauki QGIS. Sai dai ka san cewa a cikinta babu maɓalli guda da ke yin wannan. Hanyoyin da fayil ke fita uku ne, kowace da inda take nufa, kuma rashin sanin haka ne ke sa mutum ya tarar da taswirar filin wani a foldar wani.

Tun kafin ka zana layi ko ɗaya, buɗe folda da sunan aikin, a cikinta ka yi ƙanana biyu, ɗaya ta bayanai ɗaya ta fitarwa, sannan ka adana fayil ɗin .qgz, wato fayil ɗin aikin QGIS, a uwar foldar. Shiga Project, Properties, General. Akwai Project home a nan, wato gidan aikin. Idan ka bar shi haka, foldar da .qgz ke ciki ce gidan. A ƙasansa ka tabbata Save paths yana kan Relative. Amfaninsa shi ne idan ka kwashe foldar gaba ɗaya a filashi ka kai wata kwamfutar, ko harafin filashin ya tashi daga E ya koma F, aikin zai buɗe lafiya, ba zai fito maka da jerin leyoyin (wato shimfiɗun bayanan da ake jerawa a taswira) da suka ɓata ba.

Hanya ta farko, wadda ta fi daɗi, ita ce ta Print Layout, inda ake fitar da PDF ko hoto don bugawa. Karon farko za ta nufi gidan aikin. Ka zaɓi foldar fitarwa sau ɗaya, QGIS za ta rubuta wurin a cikin fayil ɗin aikin kansa, gobe ko wata mai zuwa can za ta koma. Sharaɗin kawai ka danna adanawa bayan fitarwar, domin idan ka rufe ba ka adana ba, ta manta.

Inda QGIS ta cancanci yabo sosai shi ne Atlas, wani sashe na Print Layout da ke fitar da taswirori da yawa a jere. A ce an ba ka aikin taswirar ƙananan hukumomi 20 na Jihar Bauchi, kowace a takardarta. Ka sa leyar iyakokinsu a Coverage layer, ka cire alamar Single file export, sai gurbin Output filename expression ya buɗe. Abin da ke ciki tun asali shi ne 'output_'||@atlas_featurenumber, wanda zai ba ka output_1 har zuwa output_20, sunayen da ba za su gaya maka komai ba bayan sati biyu. Ka musanya shi da @project_basename||'_'||"suna", inda "suna" yake gurbin sunayen a teburin bayanan leyar. Amma lura da Itas/Gadau. Wannan karan da ke tsakiya ba ya shiga sunan fayil, kwamfuta na ɗaukarsa alamar folda, don haka fitarwar za ta tsaya ko ta ƙi. Maganinsa replace("suna",'/','_'). Haka za ka yi da Koko/Besse a Kebbi da Kala/Balge a Borno. Waƙafin sama na Jama'are ma gara a cire shi, kuma sunan folda ya zama babu ƙ, ɗ ko ɓ, saboda wasu tsofaffin kayan aiki har yanzu suna tuntuɓe da su.

Hanya ta biyu ita ce Processing, wato kayan sarrafa leyoyi irin su Buffer da Clip. A nan QGIS na da rauni, gaskiya ɗaya ce. Output folder da ke Settings, Options, Processing ba ta aiki guda ba ce, ta dukkan ayyukanka ce. Kuma idan ba ka faɗi inda za a ajiye ba, sakamakon leyar wucin gadi ce, da ka rufe ta tafi. In ayyukanka manya ne biyu ko uku da za su ɗauki watanni, yi wa kowane User Profile nasa a Settings, User Profiles, kowane da tasa Output folder. In kuwa ƙanana ne masu yawa, ka yi GeoPackage guda, wato fayil ɗaya mai ɗaukar leyoyi da yawa, a foldar bayanai ka riƙa zaɓar Save to GeoPackage. Ya fi nau'in fayil ɗin shapefile, wanda ke watsuwa zuwa .shp da .shx da .dbf da .prj, ya kuma yanke sunan gurbi a haruffa 10.

Ta uku Export, Save Features As. Kada ka rubuta suna kawai a gurbin File name. Danna ɗigo ukun da ke gefe ka zaɓi folda, in ba haka ba za ta gwada rubutawa a inda ba ta da izini, ta ba ka kuskure, ko fayil ɗin ya faɗa inda ba za ka gan shi ba.

ArcGIS Pro, a ba ta haƙƙinta, tana yin wannan tun daga buɗe sabon aiki: folda, fayil ɗin aikin mai suna .aprx da geodatabase nasa, wato rumbun bayanan aikin, kuma a Project, Options, Current Settings ana canza Home folder da Default geodatabase. Tarkonta shi ne Save As, domin sabon .aprx na ci gaba da zuba kaya a tsohon geodatabase sai ka canza da hannunka. Tana kuma son ajiye ayyuka a Documents, inda OneDrive, ma'ajiyar Microsoft ta intanet, kan kama su ya jagula geodatabase. Ga ta a Windows kaɗai, ga cin ƙwaƙwalwar kwamfuta, ga kuɗin lasisi. Idan ofishinku ya riga ya biya, ko wanda ya ba ka kwangilar ya ce .aprx yake so, to sai ka yi da ita. In ba haka ba, tsarin folda kawai bai kai a biya wannan kuɗin ba.

Ka kiyayi masu tallar ArcGIS Pro "na har abada" a farashin katin waya. Fasasshe ne, sau da yawa da ƙwayar cuta a ciki, kuma ranar da ya ƙi buɗewa ba ka da wanda za ka kai wa kuka, ga bayanan filayen mutane a kwamfutarka. Akwai ma masu sayar da QGIS a filashi, alhali kyauta ce tun da aka fara ta a 2002. Sauko da ita daga qgis.org, ka zaɓi wadda aka rubuta wa LTR, ita ce ake daɗewa ana gyara mata kurakurai, ka kafa Project home ɗinka kafin ka shigo da leya ta farko.