Makarantar da na gama a Garwa: ku je ku gan ta ranar Laraba

Tun da sakamakon bak, wato jarrabawar kammala sakandare, ya fito, iyaye uku a unguwarmu suka aiko a tambaye ni ko su kai 'ya'yansu makarantar da na gama. Na gaji da maimaita magana a zaure, shi ya sa na ce bari in rubuta sau ɗaya. Ba zan kama sunanta ba, don akwai inda zan taɓa ta. Ta kuɗi ce dai, ba sakandaren gwamnati ba, a nan Garwa, arewacin Kamaru.

Bayan BEPC, jarrabawar kammala ƙaramar sakandare, na shiga sekond C, ajin farko na babbar sakandare ɓangaren kimiyya, daga nan aka tura ni aji na gaba, premiyar D, ɓangaren ilimin halittu. Baba ya riga ya yanke cewa likita zan zama, ni kuwa ko abin da nake so ban sani ba. Karatun aji ba laifi, malamai suna zuwa a kan lokaci, ana raba mana takardun gwaji da wuri. Amma wannan ana samunsa a wasu wuraren. Abin da ya bambanta ta shi ne Laraba. A makarantu da yawa, ranar Laraba da an tashi da rana kowa sai ya kama hanyar gida, kulob suna ne kawai a takarda. A nan malamai suna tsayawa har la'asar, kuma ba a ɗaure ka a kulob ɗaya.

Na fara da jaridar bango, wata biyu na gudu, Faransancina bai kai ba. Na koma wasan kwaikwayo. A makon bikin matasa na 11 ga Fabrairu aka ba ni matsayin tsoho, aka liƙa mini gemun auduga da ƙaro. Ina cikin faɗa da "ɗana" gumi ya jiƙa shi, rabin gemun ya faɗo a kan takalmina, zauren ya kece da dariya. Malamar ta ce, "Gemu ya faɗi amma ba ka manta maganarka ba, ka dawo mako mai zuwa." Ban koma ba, ita ma ba ta riƙe ni a zuciya ba.

Inda na tsaya shi ne lambun bayan ajujuwa, wurin malamin ilimin halittu. Ledojin ruwa muke tsintowa, mu huda gindinsu, mu cika da ƙasa da taki, mu shuka dalbejiya da zogale. A watan Maris, lokacin da zafin Garwa ke wuce digiri 40, sai da sassafe ko gab da magariba muke ban ruwa. Malamin ne ya sa muka raba irin zogale gida biyu, rabi aka jiƙa ya kwana a ruwa, rabi aka shuka haka nan, kowa da littafinsa yana rubuta ranar da tsiro ya leƙo. Darasin da na haddace a aji ban gane ba, a bakin leda na gane shi.

To, a gwaji na uku na premiyar lissafina ya faɗo 8 bisa 20, ga jarrabawar probatuwar a gaba, wadda in ba ka samu ba babu zancen shiga taminal, ajin ƙarshe. Baba ya ce lambu ya ƙare. Malamin ajinmu ne ya kira shi, suka zauna a benci ƙarƙashin bishiya, rabin hirar da Fulatanci. Na ji yana cewa, "Alhaji, a bar masa lambun, lissafin a bar mini shi." Baba ya ce, "Malam, in bai kai 10 ba fa?" Ya ce, "Ni da kaina zan karɓe butar ban ruwan." Kowace Asabar da safe ya riƙa zama da mu shida, bai karɓi ko dala ba. Na samu 11.

Yanzu laifinta. Ɗakin kwamfuta abin kunya ne: mutum uku a kan na'ura ɗaya, in wuta ta ɗauke sai a koma zana madannai a allo. Kulob ɗin Turanci barci yake yi, sai makon harsuna biyu, Faransanci da Turanci, a farkon Fabrairu yake farkawa. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne ranar korar kuɗin makaranta, a karanto sunanka gaban 'yan aji ka ɗauki jaka ka fita. Sau biyu ya faru da ni, kuma makarantar da ta san kiran uba a kan lissafi ya kamata ta san kiransa a kan kuɗi.

Wanda yake son ɗansa ya ƙware a kwamfuta, ya nemi wani wuri. Wanda ɗansa bai san inda ya dosa ba, kamar yadda nake, ya kai shi, amma ya fara zuwa da kansa ranar Laraba wajen ƙarfe 3, ya leƙa bayan ajujuwa. Ni dai ina shirin jarrabawar shiga tsangayar aikin gona ta Jami'ar Dschang. Baba bai ce ya yarda ba tukuna, amma jiya na ga ya sa an kewaye zogalen da na dasa a tsakar gida da ƙaya, saboda awaki.